Kukar Bayan Gidanmu a Kan Piyano

'Yata ta fari ta tafi Lyon koyon waƙa, irin wadda Turawa ke ɗauko baitocin marubuci su ɗora musu kiɗan piyano, mutum ɗaya ya tsaya ya rera. Mu muna zaune a Bobigny, ina sayar da atamfa. Duk hutun da ta zo sai ta cika mana gida da waƙoƙin Jamusanci.

A shekararta ta ƙarshe ta kira ni. "Maman, ina so in rera ɗaya da Hausa. Ki rubuta mini baiti."

Na ce ina ni ina baiti? Amma da ta matsa, na zauna na rubuta 'yan layuka a kan kukar da ke bayan gidanmu a Maradi. Ƙawarta, wata Bafaranshiya mai kaɗa piyano, ta yi musu kiɗa.

Ranar da ta rera mini a waya, dariya ta kama ni har sai da na nemi kujera. Kiɗan ya ja ƙarshen kalmar sama, kuka ta itace ta koma kukan hawaye. Sai ka ce rasuwa aka yi a bayan gidanmu.

Na hau jirgin ƙasa na tafi Lyon da kwanon dambu. Muka zauna mu uku a wani ɗan ɗaki da piyano ya kusa cikewa. Ƙawar ta ce in faɗi layukan yadda nake magana kawai. Ina faɗa tana bin muryata da yatsa ɗaya a kan piyano, in na hau ta hau, in na sauka ta sauka. Ni kaina ban san maganata na da hawa da sauka haka ba sai ranar. Muka yi ta gyara kiɗan har dambun ya ƙare.

Ranar taron da za ta rera waƙoƙinta na gama makaranta, na zauna kusa da wata tsohuwa mai farin gashi. Da 'yata ta fara tawa waƙar, ashe bakina na motsi tare da nata. Bayan an gama tafi, tsohuwar ta juyo ta tambaye ni ko na san waƙar.

Na ce, "Ni na rubuta ta."

Ta miƙo mini takardar taron wai in sa mata hannu. Na laluba jakata, ba biro. Da fensirin gira na sa mata.