Waƙar Hanci a Ƙarƙashin Teku

Yayata Remedios Canul ta tsufa tana kai mutane nutso a tekun Cozumel, ni kuma ina tuƙa mata kwale-kwale. A tudu masifaffiya ce ta gaske, amma da ta shiga ruwa sai ka rantse barci take. Kowa ya fito tukunyar iskarsa fayau, ita ko rabin tata ba ta sha ba.

Wani dattijo, Baltasar mai gidan burodi, ya zo mana da takardar shaidarsa ta koyon nutso sabuwa fil. 'Yarsa Nayeli, ita ma aikinta kai mutane nutso, za ta yi aure ta koma ƙasar Chile, shi kuwa burinsa su nutsa tare ko sau ɗaya kafin ta tafi. Nayeli ta ce ba za ta kai shi ba sai iskarsa ta fara daɗewa. Ga shi da ya sauka tsoro ke kama shi, ya yi ta haki yana kallon agogon iska. Kafin a je ko'ina tukunya ta ƙare.

"Kai Baltasar, iskar nan shaƙa kake ko ci?" in ji Remedios.

"Malama, ƙirjina ne ke bugawa."

"Na kowa ma yana bugawa. Ka iya waƙa?"

Remedios ba ta cewa mutum ya kwantar da hankalinsa, wai maganar ce ke ƙara firgita shi. Sai ta riƙe masa agogon, ta sa shi rera waƙa ta hanci, don mai waƙa dole ya saki numfashi a hankali. Haka suka yi ta fama, tana zagi yana ba da haƙuri.

Ana gab da bikin, Nayeli ta yarda ta bi su ta gani da idonta. Na zauna a sama ina kallon kumfa gabana na faɗuwa, don wallahi ina son tsohon nan. Da can kumfarsa tafasa take, ranar kuwa sai ta riƙa fitowa jefi-jefi. Suka daɗe ƙwarai.

Da suka fito, Nayeli ta cire gilashin fuskarta tana kuka.

"Lafiya? Iskar ce ta ƙare?" na tambaya.

"Da saura, sarkin tsoro," in ji Remedios.

Nayeli ta kamo hannun mahaifinta. "Baba, ina jin ka a ƙasa. Waƙar da marigayiya Mama ke yi ce in tana taje min kai."

Baltasar ya share fuska. "Ita kaɗai na iya, 'yata."