Bi Mgeni da Littattafan Saman Tanda

A daren da na tare a unguwarmu ta bayan kasuwar garin Wete, a tsibirinmu, na ji wata ƙara daga gidan da ke manne da nawa. Gurrr, ta tafi, ta tsaya, gurrr, ta dawo. Ta yi kama da tsawa mai nisa, alhali taurari cike da sama. Na ce ko wani ne ke mirgina ganga, sai dai ganga ba ta da wannan haƙurin. Na kwana ina saƙe-saƙe, har na yanke cewa wani abu ne daga teku ya biyo ni, na kuwa ji daɗin hakan.

Da safe na je gidan sayen burodi, na tambayi matar gidan ƙarar mece ce. Ta dube ni sama da ƙasa, ta shiga ciki ta fito da kwalbar man gyaɗa cike da yashi.

"Ga aljaninka, Mzee Vuai. In an liƙa abu a takarda, da ita ake murzawa daga tsakiya zuwa gefe, don iska ta fita. Burodi nawa za ka saya?"

Haka na san Bi Mgeni Faki, wadda zan yi wa jinjina yau, tun tana cikinmu tana ji da kunnenta. A wurinmu Bi ake sa wa mace don girmamawa, Mzee kuma dattijo.

Kowa ya san ta da burodin riɗi. Kafin kiran asuba ta hura tanda, kafin masunta su dawo ta sayar da rabi. Amma aikin da ya sa na ɗauki alƙalami, ni da karatuna bai wuce aji uku ba, bayan azahar yake farawa. Takan wanke hannu har sau biyu saboda maiƙo, ta shimfiɗa tabarma a baranda, ta jera almakashi, basilla, fensir da ɗan kwanon sitaci. Sai mutane su fara zuwa da ƙulle-ƙulle a bakin zane: hoton aure, katin awon jariri, tikitin jirgin ruwan da ya kai wani tsibirin Unguja karon farko, ƙyallen rigar da aka yi wa yaro kaciya da ita. Ita kuma ta mayar da su littafi, kowane gida da nasa.

Takardar ma ba saye take yi ba. Buhun fulawa na takarda falle uku ne, na tsakiyar take cirewa, ta kakkaɓe, ta goge da dutsen guga, ta yanka daidai. Da zaren koma take ɗinke su, ɗinkin da ake iya warwarewa a ƙara shafi in an yi haihuwa. Bangon kuwa tsohon zanen uwar gidan ne.

Na shekara da shekaru ina zama kusa da tabarmar nan, ga abin da kunnena ya tsinta. Sitacin rogo take damawa ruwa-ruwa, ta daka kanumfari ta zuba. Ta ce wanda ya liƙa da fulawa ya yi wa kyankyasai walima, ta taɓa ganin sun cinye fuskar ango sun bar hularsa. Hoto kuwa ba ta yarda sitaci ya taɓa shi. Kusurwar tsohuwar ambulan take yankewa guda huɗu ta liƙa, ta soke hoton a ciki, in ana so a zare. Salatif ba ya shiga gidanta, domin yakan yi rawaya ya bar tabo. Ƙyalle sai an wanke gishirin teku daga jikinsa. Ganye da fure sai sun yi mako a ƙarƙashin dutsen niƙa. Guntun jarida ba ya maƙwabtaka da hoto, don yana shafa masa tsufansa. Da fensir take rubutu, ta ce biro yana kuka in damina ta zo. Kuma ba ta cika shafi, takan ce ido ma yana son wurin zama.

Abin da ta fi tsananta a kai shi ne suna. Ba ta liƙa fuskar da ba a faɗa mata mai ita ba.

"Wannan wace ce?"

"Wata 'yar'uwar kakarmu ce, Inna."

"Wata ba suna ba ne. Kakar tana raye?"

"Tana nan, sai dai kunne."

"To, je ka ɗaga murya. Bakin tsoho ba ya jiran ka shirya."

Ni ma na taɓa kai nawa. Ina da ɓawon kwakwa mai ido huɗu, wanda na tsinta a gaɓa, na ce a sa mini shi a shafin farko.

"Littafi ne, Mzee, ba buhu ba. In na sa wannan zai karya masa baya."

"To ai shi ne abin da na fi so a duniya."

"Allah Ya jiƙan matarka, da ta ji wannan."

Ta ɗora siririyar takarda a kan ɓawon, ta goga gefen fensir a hankali, sai ga idanu huɗu sun fito suna kallona. Abin da ya fi ƙarfin shafi, in ji ta, inuwarsa ake ɗauka. Haka ta yi wa wata matar masunci da teku ta riƙe mijinta, ba hoto ko ɗaya. Ta zana sawun takalminsa, ta ɗinka ɗan guntun komarsa, ta ɗauki inuwar ƙugiyarsa. Makame mai sayar da gahawa a bakin layi yana wurin, ya ce 'ya'yan masuncin sun daɗe suna auna ƙafafunsu a kan sawun nan.

Ke ce, Bi Mgeni, kika gane abin da ya gagari sauranmu. A tsibirin nan laima ba ta barin takarda. Babbar damina ɗaya ta isa littafi ya yi hunhuna, shafi ya kama shafi, fuskoki su narke. Wuri ɗaya ne busasshe a unguwar, shi ne ɗan ɗakin katako da ke saman tandarki, inda ɗumi ke kwana. Can kika jera littattafanmu, ba ki taɓa karɓar ladan ajiya ba. Mai son nasa ya zo ya karɓa ranar biki, ya dawo da shi kafin magariba. Rumbun unguwa, wanda ba a zuba wa hatsi ba amma kowa ya ci daga cikinsa.

Yanzu gwiwa ta hana ta hawa tsani, hannu ya fara rawa a kan almakashi. 'Yarta ta zo daga birnin Tanga, can ƙetaren teku, za ta tafi da ita, tanda kuma za a kashe ta yau Juma'a, ba magaji. Hadari ya riga ya fara taruwa ta kudu. Saboda haka ta sa aka yi shela kowa ya zo ya karɓi nasa. Ta koya wa mata su naɗe littafi a zane, su sa a gwangwanin biskit tare da gawayi da ƙullin kanumfari, su rataye kusa da murhu, duk ranar da aka samu rana kuma a buɗe shi a inuwa ya sha iska.

Duk littattafan sun tafi gida, sai ɗaya, na marigayiya Bi Riziki.

Bi Riziki ta bar 'ya'ya biyu maza, Kombo babba da Shaame ƙarami. Tun da aka raba itatuwan kanumfarinta ba su ƙara gaisawa ba, a kan wata bishiya da ta tsaya a kan iyaka. Ranar karɓar littattafai kowannensu ya zo ta tasa hanyar. Kombo ya zo da reza a aljihu.

"Inna, abin mai sauƙi ne," in ji shi. "Ai ɗinkinki warwaruwa yake yi. A yanke zaren, shafin da ya shafe ni in ɗauka, wanda ya shafi wancan ya ɗauka."

"Wancan yana da suna," in ji ta.

"Ya san sunansa."

Shaame ya ce, yana kallon bango, "Ku gaya masa na yarda. Ni ma ba na son ganin fuskarsa a ɗakina."

"Ni ba ɗan aike ba ne," in ji Makame. "Ga shi nan kusa da kai, har warin tabarsa kana ji."

Bi Mgeni ta sa 'yarta ta sauko da littafin, ta ajiye a tabarma ta ce su buɗe. Duk wanda ya taɓa zama wurinta ya san dokarta: fuska ɗaya ta takarda ake liƙa wa abu, bayan a bar shi fari, don kada kaya su gogi juna. Sau ɗaya ta karya dokar nan, ina zaune a wurin. Bi Riziki ce ta nace a cika gaba da baya. Bi Mgeni ta ce mata littafin zai kumbura, ba zai yi kyau ba. Bi Riziki ta ce, "Ya kumbura. Haka yaran nan suka yi ta kwana a tabarma ɗaya, baya da baya, haka nake so ki sa su."

Kombo ya buɗe. Ga hotonsa ranar saukar Alƙur'ani, ga ƙyallen rawaninsa. Ya juya shafin, a bayansa ga inuwar ƙugiyar Shaame ta farko da ɓawon kifin da ya kama da ita. Ya ƙara juyawa. Auren Kombo a gaba, zazzaɓin da ya kusa kashe Shaame a baya, da katin asibitin. Haka har ƙarshe, babu falle ɗaya da za a ce na mutum ɗaya ne.

"A zare hotunan mana," in ji Shaame. "Ai ba liƙe suke ba."

"Zaruwa suke yi, ɗana. Zare. Amma dubi ƙasansu."

A ƙarƙashin kowane abu akwai maganar uwarsu, yadda ta faɗa Bi Mgeni ta rubuta da fensir, kusa da ita kuma tambarin babban yatsanta da lalle, domin ba ta iya rubutu ba. Wannan yana jikin takardar, gaba da baya.

"Ba a iya tsaga takardar biyu?" in ji Kombo. Muryarsa ta sauka.

"Buhun fulawa ne. In ka iya tsaga shi ta kauri, ka zo ka koya mini kafin in tafi."

"To ki ba ni, ni ne babba."

"Ni na yi jinyarta," in ji Shaame.

"Ni mai liƙi ce, ba alƙaliya ba. Uwarku ajiya ta ba ni don ku biyu. Ranar da kuka zo da baki ɗaya, ga tsani nan."

Aka mayar da littafin sama. Rezar ba ta fito daga aljihu ba.

Mun gode, Bi Mgeni. Kin ciyar da mu da safe, da yamma kin hana mu mantuwa. Allah Ya sa gwiwar ta yi sauƙi a Tanga, Ya ba ki baranda mai inuwa. Ku kuma masu karatu, kada ku jira sai kun samu irin tandarta. A kowane gida akwai gwangwani ko ƙasan akwati da hotuna ke ruɓewa ba suna. Ku fito da su a makon nan, ku dama sitaci, ku zaunar da tsohuwar gidan ku tambaye ta wane ne wannan, tun tana iya faɗa.

Jiya Alhamis bayan la'asar ta gasa burodinta na ƙarshe ta raba kyauta. Muka zauna a dogon bencin ƙofar gidanta. Kombo ya zo ya zauna a wannan ƙarshen, can sai ga Shaame, ya zauna a wancan. Ba wanda ya kira su. Iska ta juyo da ƙanshin ruwa, 'yarta tana ɗaure kaya a ciki, hayaƙin tanda yana ta sirancewa. Makame ya zuba wa kowa gahawa, ya ɗaga kai ya dubi ɗan ɗakin katakon, sannan ya dubi hadarin.

"Bi Mgeni," ya ce, "in tandar nan ta huce, littafin can zai kai ƙarshen damina kuwa?"

Ta ci gaba da kakkaɓe fulawa daga zanenta. Kombo ya dubi kofinsa, Shaame ya dubi nasa.