Ranar da Na Danna Lambata a Juye

Ban yi boko ba, kuma ban taɓa jin kunyar faɗa ba. Da ɗana ya buɗe mini asusu a banki, lambobin sirrin nan huɗu da yatsa na haddace su: gidan sama na dama, na tsakiya, na ƙasa na hagu, sai na samansa. Duk ranar da na danna su a injin cire kuɗi, bango ya yi gurnani ya miƙo mini kuɗin cefane, sai jikina ya yi sanyi. Bango ne fa, ba ido ba kunne, amma ya san ni cikin mutanen Gombe kaf.

Wata ƙawata 'yar unguwar Herwagana, tsohuwar malamar asibiti, ita ta zo mini da labarin. A taron zumuntar matan cocinsu ta ji shi.

"Adda, in ɓarawo ya tsare ki a bakin injin, kada ki yi ihu. Ki danna lambarki a juye. Kuɗin zai leƙo ya maƙale, injin kuma ya kira 'yan sanda a ɓoye."

"Da wane bakin?"

"Ke dai ki riƙe."

Na riƙe. Na yi kwanaki ina gwadawa a bayan faifai, har yatsana ya iya komawa ta inda ya fito.

Wata Laraba da hantsi na je banki a unguwar Bolari. Wani dogon mutum ya tsaya a bayana, kusa ƙwarai, har ina jin numfashinsa a mayafina. Hannunsa ɗaya na cikin riga. Na matsa, ya matso. Na harare shi, idonsa na kan yatsana. Sai na yi bisimilla na danna a juye.

Injin ya yi ƙara, ya tofo katina. Ban gama karɓa ba motar 'yan sanda ta tsaya a bakin ƙofa, mutum biyu suka diro da bindigogi. Ikon Allah. Ashe yatsan tsohuwa irina yana iya taso hukuma daga inda take zaune.

A lokacin ne mutumin ya zaro hannunsa. Kati ne, naɗe cikin leda.

"Dada," in ji shi, da Hausar da Fulatanci ya rinjaya, "yaya ake yi? Tun safe nake kallon mutane."

Sai yanzu na dube shi da kyau: takalmin roba na makiyaya, ƙafa duk faso. Na san abin da ke samun mutumin daji a cikin gari in aka ce masa ɓarawo. Kafin a tambayi sunansa an gama da shi. Kuma ni na kira.

Na sha gabansa, na buɗe hannuwa.

"Ranka ya daɗe, ni ce na danna. Bai yi komai ba. In kamawa ce ku kama ni."

Babban cikinsu ya tsaya yana kallona. "Mama, me kika danna?"

Na faɗa masa. Ya dubi ɗan'uwansa, suka kwashe da dariya.

"Ba ya kiran kowa, Mama. Da yana kira, ai da ba mu zauna ba. Albashi muka zo ɗauka. Kada ki sake, in kika yi sau uku haɗiye katin zai yi."

Suka bi layi kamar kowa.

Na zauna a kan dakali. Maganar da ba wanda ya taɓa ganin ta faru, ta bi coci ta bi kasuwa ta shigo har cikin yatsana, saura ƙiris in jefa bawan Allah a wuta da ita. Ubangiji ne kaɗai ya tsare.

Shi bai fahimci abin da aka yi ba. Na kira mai gadin bankin na ce ya nuna masa, a hankali, ban da tsawa. Ban tashi daga dakalin nan ba sai da na ga ya gama, ya tsallaka titi, ya hau keke ya tafi lafiya.