Taku Goma Sha Tara a Kan Ciyawar Baba Gwaji

Ranar Laraba, tara ga watan Yuli, da hantsi, Allah Ya karɓi ran maƙwabcinmu kuma ubanmu, wanda duk layinmu ke kira Baba Gwaji. Ya shayar da ciyawar gidansa da safe kamar kullum, ya naɗe tiyo ya rataye a ƙusa, ya ce wa Inna matarsa ƙirjinsa ya yi masa nauyi, bari ya ɗan kishingiɗa. Kishingiɗar ke nan. Dukanmu na Allah ne, kuma wurinSa kowa ya nufa. Ya rasu yana da shekara saba'in da huɗu, ya bar Inna da 'ya'ya huɗu da jikoki masu yawa.

Baba, na yi kwana goma sha biyu ban rubuta maka komai ba, kuma ba abin faɗa na rasa ba. Akwai alkawari tsakaninka da maigidana, na tsaya in ga yadda zai ƙare, don na san ba ka son rabin aiki. Yanzu ya ƙare, ga shi na zo in ba ka labari.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Baba ya yi shekara talatin yana haɗa magani a asibiti. Da ya ajiye aiki sai ya mayar da hankalinsa kan ɗan filin da ke bayan gidansa, ya mai da shi shimfiɗar ciyawa kore shar, wadda mai wucewa sai ya leƙa ta katanga. Sunan Gwaji kuwa daga bakinsa ya fito. Duk abin da aka kawo masa, ko ciwon kai ne, ko famfo mai yoyo, ko rigimar 'yan'uwa, amsarsa ɗaya ce: a gwada tukuna. Inna ta sha faɗa mana cewa ko shayi ta miƙa masa sai ya ɗanɗana da cokali kafin ya yarda akwai sukari. In an tsokane shi da sunan, dariya yake yi har ya share hawaye.

Ni malamar lissafi ce, kuma duk wanda ya san ni ya san ba ni da haƙuri. Katanga ɗaya ce ta raba gidanmu da nasa, da wata 'yar ƙofar ƙarfe a jikinta, ta inda ni da Inna muke miƙa wa juna kayan aro. Mun yi shekaru muna gaisawa ta wannan ƙofa, amma ban san ko wane ne Baba ba sai da jarrabawa ta same mu.

Maigidana direban babbar mota ne. Bara ya samu shanyewar ɓarin jiki, hannu da ƙafar hagu suka daina jin magana. Bayan watanni ana yi masa gashin ƙashi a asibiti ya fara tsayawa, har yana yin taku biyu uku da sanda. Sai wata rana ya zame a kan tayil ɗin falo, ya fasa goshi, aka yi masa ɗinki. Daga ranar ya kafe a kan keken marasa lafiya, ya ce shi da tafiya har abada. Ma'aikaciyar gashi ta gaya mini ba tare da ɓoye-ɓoye ba cewa ƙafar za ta iya ɗaukarsa, tsoro ne ya riƙe shi, kuma in ya ƙara wasu watanni a zaune ƙafar za ta sandare, shi ke nan. Ta ce in samar masa wuri mai taushi, inda ko ya faɗi ba zai ji ciwo ba.

Tsakar gidanmu kuwa ƙasa ce mai tauri, da tsirarun ciyawa nan da can kamar kan mai sanƙo. Na ce ai wannan ba wani abu ba ne. Na sayo buhun takin zamani na watsa da hannu bibbiyu, a tunanina in an ba ciyawa da yawa za ta yi sauri. Duk ruwan wankin da na gama na kwara mata, wai kar a yi asararsa. Cikin mako guda 'yar ciyawar da ta rage ta ƙone ƙurmus. Ina tsaye a kanta ina masifa ni kaɗai, na ji muryarka ta saman katanga, Baba.

“Malama, a makarantarku ana ba ɗalibi maki kafin ya rubuta jarrabawa?”

Na ce a'a. Ka ce to me ya sa na ba ƙasa magani ban tambaye ta abin da ke damunta ba. Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Na shige ɗaki abina. Ko a jikinka. Washegari da safe sai ga ka ka turo 'yar ƙofa, riƙe da kwalabe biyar da ka wanke tas, da ƙaramin shebur, da wasu 'yan takardu na gwaji masu canza launi.

Ka haƙa wuri biyar, zurfin tafin hannu, kowanne ka zuba ƙasarsa rabin kwalba, ka cika da ruwa, ka girgiza, ka liƙa takarda ka rubuta inda ta fito, kamar yadda kake yi wa kwalaben magani. Ka jera su a kan taga ka ce kar wanda ya taɓa sai gobe. Da gari ya waye ƙasar ta rabu a cikin kwalba kowa yana gani: yashi kaɗan a ƙasa, laka a tsakiya, yumɓu mai kauri a sama. Ka ce ga dalilin da ruwa ke kwanciya a gidana ba ya shiga, saiwa kuma ba ta samun numfashi. Ka tsoma takardar gwaji a kwalbar da ta fito daga wurin wanki, launinta ya juye nan take. Ka ɗago ka dube ni. Tun daga ranar ruwan sabulu bai sake taɓa ƙasar gidan nan ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba ka yi mana aikin ba. Koya mana ka yi. Ka sa na huhhuda ƙasa da ƙarfe mai yatsu har hannuna ya yi kanta. Ka sa na gauraya yashi da ruɓaɓɓen taki na baza da manjagara. Takin zamanin da na yi ɓarna da shi, ka ce ba laifinsa ba ne, ka auna mini shi da gwangwanin madara: gwangwani ɗaya ga taku goma tsawo da taku goma faɗi, a watsa ciyawa tana bushe, a bi da ruwa nan take, kuma ban da tsakar rana. Iri kuwa ka ce in cakuɗa shi da yashi don kar ya taru wuri ɗaya, in ja manjagara a hankali, in danna da tafin ƙafa, in rufe da tsohon buhu mai huji. Ruwa kaɗan-kaɗan, safe da yamma. Na ce duk wannan ƙa'ida a kan ciyawa? Ka ce ni da ke koyar da lissafi bai kamata in ji tsoron ƙa'ida ba.

Maigidana kuwa, duk kwanakin nan yana falo, ya juya wa taga baya. Kowa ya yi masa nasiha ya gaji. Kai ba ka taɓa ce masa ya tashi ya yi tafiya ba, ko sau ɗaya. Shiga ka yi ka ce, “Direba, tsuntsaye za su cinye mana iri. Ina neman mai gadi, kuma kai kaɗai ne ba ka zuwa ko'ina.” Na ɗauka zai yi fushi. Sai na ji ya yi dariya, karo na farko tun faɗuwarsa. Ka tura kekensa bakin ƙofa, ka ba shi gwangwani da tsakuwa a ciki yana kaɗawa. Bayan mako ka miƙa masa tiyo a hannunsa mai lafiya. Daga baya ka ce ruwan ba ya kaiwa can lungu daga zaune, ko zai ɗan miƙe ya jingina da ƙofa. Ya miƙe. Kullum kana ce masa ya gyara fakin, shi kuma yana ce maka ba a koya wa direba aikinsa.

Ciyawa ta fito ko'ina ta rufe, sai wuri ɗaya. Daga bakin ƙofar falo zuwa tsakiyar fili akwai wani fili fayau mai faɗin tabarma biyu, kuma nan ne dole ƙafarsa ta fara sauka. Sau biyu muna shukawa, ta tsiro ta yi rawaya ta mutu. A karo na biyu na zauna a ƙasa na yi kuka, domin ina lissafin watannin da ma'aikaciyar gashi ta faɗa, suna ta ƙarewa. Na ce a shimfiɗa katifa a wurin kawai a huta. Ka ce katifa tana zamewa, kuma ƙasa ba ta kashe ciyawa haka kawai, mu ne ba mu tambaye ta da zurfi ba. Ka haƙa har gwiwar hannu, ka ɗebo ƙasar can ƙasa, ka ɗiga mata ruwan khal mai tsamin nan. Sai ta yi kumfa tana tafasa. Ashe a nan magina suka kwaɓa siminti lokacin gina gidan, suka binne ragowar. Kwana uku muna kwashe ɓaraguzai, baro bakwai. Ka ɗebo ƙasa mai kyau daga lungun lambunka aka cike ramin.

Ranar Juma'a, shida ga watan Yuni, muka shuka karo na uku. Ka kafa turaku huɗu ka zagaye wurin da igiya. Ka auna da ƙafarka daga ƙofar falo zuwa 'yar ƙofar katanga, taku goma sha tara. Sannan ka tsaya gaban maigidana.

“Mako shida ba mai taka nan, ko kai ko ni. Ranar da suka cika za mu kwance igiya. Ka cire takalmi, ka tako har ƙofar can, ka sha shayi a gidana.”

Ya ce, “In na faɗi fa, Baba?”

“Za ka faɗi mana. Don haka muka shuka ta.”

Ya ba ka hannu kuka ƙulla. Ciyawar ta fito a kwana na tara, wannan karon ba ta yi rawaya ba. Saura kwana tara wa'adin ya cika, ka tafi.

Da labari ya iso, na zo in tura kekensa ta babbar ƙofa mu zagaya mu yi wa Inna gaisuwa. Ya riƙe tayar da hannunsa mai lafiya, ya ce ba zai shiga gidanka a keke ba. Na yi faɗa, na yi lallashi, na ce mutane za su ce ba mu da kara. Wasu kuwa sun faɗa, na ji da kunnena. Bai kula ba. Ya daina magana, ya rage cin abinci, na tsorata ƙwarai, na ce shi ke nan, ka tafi da ƙarfin zuciyarsa. Abu ɗaya kawai bai bari ba: safe da yamma sai ya sa an kai shi bakin ƙofa, ya miƙe ya jingina, ya shayar da wurin nan.

Ranar Juma'a, sha takwas ga wata, da hantsi, ya ce in cire masa takalmi. Ya ce in kwance igiya. Na miƙa hannu zan riƙe shi, ya ce in matsa. Ya sa ƙafar dama a kan ciyawa, ya jawo ta hagu. Ina ƙirgawa a zuci. A taku na bakwai ƙafar ta harɗe, ya kife gaba ɗaya. Na yi kansa a guje. Na same shi kwance, kuncinsa a kan ciyawa, yana shafa ta da tafin hannu. Ya ce, “Ba zafi.” Ya dafa sanda, ya yi ta fama har ya tashi da kansa, ni kuwa na haɗe hannuwana a baya don kar su yi mini gardama. Ya ƙarasa sauran sha biyun. Ya tura 'yar ƙofa da kafaɗa.

Inna tana zaune a baranda. Da ta gan shi tsaye, da ɗanyar ciyawa a goshinsa, ba ta jira ya yi mata ta'aziyya ba. Ta tashi ta shiga ciki, ta fito da kofin shayinka, ta ce ka gaya mata tun watan jiya cewa ranar sha takwas tana da baƙo.

Baba, yanzu kullum yana zagaya filin sau uku. Ya faɗi sau huɗu, kuma ya daina ƙirgawa. Na tabbata ba zai koma keken nan ba. Ciyawar gidanka ma ba za ta bushe ba, shi ya karɓi shayar da ita, ni kuma gwangwanin awo da kwalabe suna hannuna. Matan layinmu uku sun riga sun kawo mini ƙasar gidajensu, kuma kowacce na ce mata a gwada tukuna.

Ina miƙa ta'aziyyata da ta maigidana ga Inna, da 'ya'yansa da jikokinsa, da abokan aikinsa na asibiti, da duk maƙwabcin da ya taɓa cin moriyar haƙurinsa. Allah Ya ba ku juriyar wannan rashi, Ya tsaya muku a inda Baba yake tsaya muku. Allah Ya jiƙan Baba, Ya yafe masa kurakuransa, Ya yalwata makwancinsa, Ya sa Aljanna ce makomarsa. Ya Allah, bawanKa ya tausasa ƙasa don wani ya faɗi bai ji ciwo ba. Ka sa ƙasar da ya kwanta a cikinta ta yi masa taushi. Amin.