Numfashin Tunkiyar Inna

Abin da Inna ta bar mini a duniya tunkiya ce guda, fara mai baƙin kunne, wadda ta raina da kunu a ludayi. Bayan rasuwarta na ɗauko tunkiyar daga Kore Mairuwa a amalanken jaki, na ɗaure ta a tsakar gidanmu a Dogon Dutsi. Maigidana yakan tsokane ni wai na fi hira da ita a kan shi. Gaskiyarsa ce.

Ƙanena likitan dabbobi ne, ga shi da surutu kamar rediyo. Ya taɓa gaya mini abin da masu bincike suka gani a jikin dabbobi: in numfashi ya ɗauke, jiki ba ya saduda nan take, yakan ja wata iska mai ƙarfi da baki buɗe. In an saki maƙogwaro, aka danna haƙarƙari, aka sosa hanci da tsinke, sau da yawa daga wannan jan iskar ne rai ke komowa.

Ran nan da hantsi tunkiyar ta miƙa wuya wajen harawa, igiya ta naɗe turke ta shaƙe ta. Na tarar da ita kwance, harshe waje. Na kurma ihu, na tsinke igiyar, na durƙusa ina dannawa ina kiran sunan Allah. Maƙwabcinmu, wani dattijo mai kirki da muke ce wa Baba, ya shigo da wuƙa. Ya tsaya yana kallo, don in ta riga ta zama mushe ba ta yankuwa.

Na sa mata tsinke a hanci. Sai ta wangale baki ta ja iskar nan. Wayyo daɗi! Na ruga randa in ɗebo ruwa in yayyafa mata. A bayana na ji Baba ya ce, "Da sauran rai! Bismillahi."

Ko da na juyo, jini ya riga ya jiƙa ƙasa.

Wallahi na so in zage shi. Yana share wuƙar da kara, fuskarsa cike da murna, ya ce, "'Yata, Allah ya so ki. Saura ƙiris ki yi asarar nama."

Moɗar ruwan tana hannuna. Na ce, "Na gode, Baba."