Kwalbar Da Ka Bari a Tagata

Na Allah ne mu, kuma wurinSa muka nufa. Ranar Talata, tara ga watan jiya, bayan azahar, Allah Ya karɓi ran jikana, wanda nake tsokana da Maigidana, bayan jinya a asibiti.

Maigida, ka yi mini wayo. Ni nake ta shiri, kai ka riga ni tafiya.

Mutane suna ce maka Dakta, ni da kwalabe na san ka. Aikinka gansakukar teku, ƙananan nan da ido ba ya gani sai sun taru sun mayar da ruwa kore. Ka ce kana tatsar wani abu a jikinsu, kana gwada ko zai kare ƙwayoyin jikin mutum daga lalacewa, yadda mai ke hana ƙarfe tsatsa. Na ce to a shafa mini a fuska mana. Ka ce, "Tsohuwa, taki tsatsar ta riga bincike."

Wata rana ka dasa mini kwalbar gansakukar nan a taga, wai hasken ɗakina ya fi na ko'ina, in riƙa girgiza ta da safe. Na san hujjar zuwa ce. In ka zo ƙara mata ruwan gishiri, sai ka duba magungunana, ka gyara mini ƙafar kujera, ka saurari tatsuniyar da ka riga ka haddace.

Bayan rasuwarka mahaifiyarka ta ɗauki kwalbar za ta zubar, don ganinta yana sa ta kuka. Na ce, "Ajiye mini kayan miji."

Sai ga abokiyar aikinka ta zo gaisuwa. Ta ce irin gansakukar da ka fi sa wa rai ya mutu a ɗakin bincike kana kwance, aikin shekaru ya tsaya. Na ja hannunta zuwa taga. Ta ɗaga kwalbar a haske, ta duba, sannan ta ce, "Kaka, su ne, kuma da ransu."

Na ba ta rabi. Ɗaya rabin nawa ne, yanzu mahaifiyarka ke girgiza shi. Aikinka ba zai tsaya ba, Maigida, ba ni da shakka.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa iliminka ya bi ka. Mahaifanka, matarka da abokan aikinka, Allah Ya ba mu haƙuri. In tawa ta zo, Allah Ya sa in same ka, mu ƙarasa faɗanmu.