Neman Baturen da Ya Haifi Kakar Inna

A gidanmu na Bukuru kowa ya san akwai Bature a asalinmu, amma ba a cika tayar da maganar ba. Shi ne aka ce ya haifi kakar mahaifiyata. Ya zo aikin haƙar kuza, ya auri 'yar wani mai fataucin gishiri, suka haifi 'ya ɗaya, sannan zazzaɓi ya kore shi gida, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Ko ya musulunta ko bai musulunta ba, wannan ya danganta da wanda ka tambaya. Abin da ya bar mana suna ne kawai, shi ma bakin mutanenmu ya tauna shi har ya koma kamar na Bahaushe.

Ina shekara ta biyu da zuwa Doha karatun digiri na uku, Inna ta kira ni wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Ni ne ɗan fari, don haka ba ta kiran sunana. Ta ce ta ji ina yabon ɗakin karatunmu, wai babu takardar da ba a samu.

"To ka duba mana mutumin nan," in ji ta. "Ba wani abu muke nema ba. In dai san garin da ya fito."

Lokacin bazara ne, irin zafin da ke hana mutum leƙa ko ƙofa. A unguwar Bin Omran nake zaune, ɗaki ɗaya da wani Bakatsine mai gadi a wani babban kanti a Al Gharrafa. Duk Asabar da hantsi sai in buɗe kwamfuta in shiga tsofaffin takardun Ingila da aka ɗora a intanet: jerin fasinjojin jiragen ruwa, rajistar haihuwa ta coci-coci, littattafan ƙidayar jama'a. Na yi makonni ina juya sunan, ina ƙara harafi ina cirewa, kafin na dace da wanda ya yi kama da shi.

Sai ga mutum uku masu sunan. Na farko ya rasu tun yana goye. Na biyu ya hau jirgi zuwa Afirka ta Yamma, amma in an bi shekarunsa, da tsufa tukuf ya yi auren, alhali an ce mana saurayi ne. Na uku shekarunsa sun dace, sai dai an rubuta sunan iri ɗaya a rajistar haihuwa, wani iri a ƙidaya, kuma daga nan sawunsa ya ɓace. Wani shafin ma ya haɗe na biyu da na uku ya mai da su mutum ɗaya, ya ba shi mata biyu a garuruwa biyu.

Abokin zamana ya ga yadda nake dafe kai, ya ce, "Malam, khalas, ya isa haka nan. Ka ɗauki ɗaya ka gaya wa Hajiya, wa zai ƙaryata ka?" Na yi dariya, amma na san ba zan iya miƙa wa Inna kakan aro ba.

A ƙarƙashin rajistar na ukun na ga adireshin wata ƙungiya ta masu tattara tarihin ƙauyen da aka haife shi. Na rubuta musu ba tare da na sa rai ba. Bayan kwana goma wata tsohuwa ta amsa, ta ce malamar makaranta ce da ta yi ritaya. Ta shiga cocin da kanta, ta ɗauko hoton shafin ta aiko mini. Ruwa ya taɓa cin littafin, rabin layin ya goge. Abin da ya saura ya nuna uban yaron maƙeri ne. Ta kuma gargaɗe ni kada in yi saurin yarda, don sunan ya yi yawa a yankinsu.

Na karanta wa Inna ta waya. Ta ce in dakata, ta miƙa wa yayarta wayar, wadda ta tashi a hannun kakar tasu. Gwaggo, kamar yadda muke kiranta, ta ce ai kakar ta sha ba su labarin da ta ji wurin uwarta, cewa Baturen kan tsaya a rumfar maƙera ya karɓi masaɓa ya taya su dukan ƙarfe, har yara su taru suna kallo. Na tambaye ta me ya hana ta faɗa tuntuni.

"Wa ya taɓa tambayata?" in ji ta.

Na san wannan ba hujja ba ce. Na gaya wa Inna haka, cewa mai yiwuwa shi ne, mai yiwuwa kuma wani ne. Ta ce ta ji, amma in maimaita mata sunan ƙauyen. Na maimaita sau uku har ya zauna a bakinta.

Tun daga ranar na canza salo. Duk Juma'a nakan kira Gwaggo in naɗi muryarta, ta yi ta zuba, na Baturen da na waɗanda ba Turawa ba, har da mai fataucin gishirin da ban taɓa damuwa da shi ba. Na fassara labarin rumfar maƙeran na aika wa malamar. Ta amso cewa ta karanta wa 'yan ƙungiyarsu, kuma wani dattijo ya tuna dangin maƙerin sun koma ƙauyen da ke gaba, inda littattafan coci ba su jiƙe ba. Ta ce da zarar ƙafarta da ke ciwo ta yi sauƙi za ta hau bas ta je ta duba mana.